Kafin mu ce yaro daƙiƙi ne, mu feɗe aikin da muka ba shi tukuna

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da duk ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ɗan bani fili, kuma ku yi haƙuri wasiƙar za ta yi tsawo don abun ya daɗe yana cina a rai. Ni malamin firamare ne, shekara da shekaru ƙananan azuzuwa nake riƙewa, kuma duk sanda aka taso da zancen yara basa gane karatu maganar bata wuce biyu, ko ace malamai basa aiki ko ace yaran yanzu kwanyarsu bata ja. To ni akwai abu na uku da ban taɓa jin an taɓo ba, su kansu tambayoyin da muke yi wa yaran nan, mun san me ke cikinsu kuwa?

Bari in fara da abun da ya faru dani. Wata rana na ba 'yan ajina lissafin ɗebewa guda goma, na tattara littattafai ina maki da jan biro, sai na zo kan na wata yarinya, shiru-shiru ce bata da hayaniya ko kaɗan, ta ci huɗu ta faɗi shida. Na rubuta mata 4/10, washegari kuma na yi mata faɗa a gaban aji nace bata maida hankali. Har yau in na tuna yadda ta sunkuyar da kai tana murza gefen littafin nan da yatsa sai inji ba daɗi wallahi. Bayan kwana biyu ina sake duba littafin sai idona ya tsaya kan 52 a ɗebe 38, ta rubuta 26. Na duba ta ƙasanta, 71 a ɗebe 46, ta rubuta 35. Nace ikon Allah, wannan ai ba canki-canka bane. A kowane gida yarinyar nan ƙaramar lamba take cirewa daga babba ko wacce ce a sama, 8 da 2 ta samu 6, 5 da 3 ta samu 2, shikenan 26. Huɗun da ta ci kuwa duk irin su 87 a ɗebe 34 ne, waɗanda ba sai an ranto ba. Ashe yarinyar da nace bata maida hankali doka ɗaya take bi tun daga ta farko har ta goma bata kauce ba ko sau ɗaya, dokar ce kawai ba daidai ba. Kuma waye ya koya mata? Mu ne mana, mu muke rera musu a ajin baya cewa ba a cire babba daga ƙarami.

Na jawo littafin wani yaro shi ma da ya faɗi wannan tambayar, shi 24 ya rubuta. Shi ya san a ranto, ya maida 2 ta zama 12 ya cire 8 ya samu 4, amma ya manta wanda aka ranta a wajensa sai ya ragu, sai ya bar 5 ɗin yadda take. Su biyun jan biro iri ɗaya na zana musu alhali ciwonsu ba ɗaya bane, maganinsu ma ba ɗaya bane.

Sai daga baya da na koma ƙaro karatu na tarar ashe abun nan da na yi tuntuɓe da shi fage ne guda na bincike, mutane sun ƙarar da rayuwarsu a kai. Tun 1978 wasu Amurkawa biyu, John Seely Brown da Richard Burton, suka nuna da yawa daga cikin kurakuran yara a ɗebewa ba sakaci bane, hanya ce mai tsari wadda gaɓa ɗaya ta gurɗe a cikinta, har manhajar kwamfuta suka haɗa mai suna BUGGY wadda take kwaikwayon yaro mai irin wannan kuskuren don malami ya koyi gano inda matsalar take. Kuskuren yarinyata yana cikin waɗanda suka fi yawa a jerinsu.

Masu wannan fagen suna da sunan da suke kiran hanyar, ni dai a Hausance feɗe aiki nake ce mata, kamar yadda ake cewa a feɗe biri har wutsiya. Ma'anarta kafin ka yanke hukunci kan tunanin yaro saboda ya ci ko ya faɗi wani gwaji, ka zauna ka warware gwajin gaɓa-gaɓa, me yaro zai lura da shi, me zai riƙe a ka, wace kalma zai fahimta, wane mataki zai ɗauka bayan wane. Wannan rabin aikin kenan, wanda kake yi kai kaɗai da takarda da biro. Ɗaya rabin shine ka je wajen yaran ka ga yadda su suke yi a zahiri, don sau da yawa hanyar da babba ya zana a takarda daban, wadda yaro yake bi daban.

Ɗauki ƙirga kawai, abun da muke gani kamar ba komai. A 1978 Rochel Gelman da C. R. Gallistel suka feɗe shi suka ce ƙa'idoji biyar ne a dunƙule, kowane abu lamba ɗaya za a ba shi ba a tsallake ba a maimaita, lambobin kullum a jeri ɗaya suke zuwa, lambar ƙarshe da ka faɗa ita ce adadin duka, komai ma ana iya ƙirga shi, sannan ko ta ina ka fara adadin baya canzawa. Ta ukun nan ita ce take ruɗar iyaye. Yaro ɗan shekara uku zai rera ɗaya biyu uku har goma kowa yana tafi, amma zube masa maɓallai kace bani huɗu, sai ya damƙo yadda hannunsa ya ɗauka ya miƙo maka. Karen Wynn ta yi wannan gwajin wajajen 1990 ta ga yara sai sun fara sanin ma'anar ɗaya, bayan watanni su san biyu, sannan uku, kafin abun ya buɗe musu gaba ɗaya. Rera lambobi daban sanin adadi daban, kuma in ba ka raba su ba ba za ka san inda yaro ya tsaya ba.

Duk wanda ya zauna ajin koyon malanta ya sha haddar matakan girman tunanin yaro na Jean Piaget, mutumin Siwizalan ɗin nan da ya rasu a 1980. Ni ina girmama shi ƙwarai, don tun yana matashi a Faris wajajen 1920 yana aikin gwajin basirar yara, amsoshin da ba daidai ba su suka fi jan hankalinsa, yana son sanin me ya sa yara masu shekaru ɗaya suke kuskure iri ɗaya. Amma shi kansa sai da aka zo aka feɗe gwaje-gwajensa. Akwai sanannen nan, a jera maɓallai layi biyu daidai wa daida a tambayi yaro yawansu ɗaya? yace eh. Sai a gabansa a baza layi ɗaya ya ƙara tsawo a sake tambaya, ƙaramin yaro sai ya nuna dogon layin yace ya fi yawa. Piaget yace wannan na nuna yaro kafin shekara shida zuwa bakwai bai gane cewa adadi baya canzawa don an canza siffa ba.

To amma Malam Edita mu duba me muka ɗora wa yaron nan. Sai ya gane cewa fin yawa da ake nufi na adadi ne ba na tsawo ba, sai ya tuna yadda layin yake da farko, sannan ga babbar, sai ya fassara dalilin da ya sa babban mutum ya yi masa tambaya ɗaya sau biyu. Kowane yaro a duniya ya san in babba ya maimaita maka tambaya to amsarka ta farko bata yi ba, balle kuma ya ga babban da hannunsa ya taɓa layin yana kallonsa. A 1974 wasu masu bincike, Rose da Blank, suka cire tambayar farko suka bar ta biyun kawai, sai yara da dama suka amsa daidai. A shekarar dai James McGarrigle da Margaret Donaldson a Edinbara suka kawo wata dabara, maimakon babba ya baza layin sai suka sa wata 'yar tsana fitinanniya ta kufce daga akwatinta ta hargitsa shi kamar tsautsayi. Yara 80 suka gwada 'yan shekara huɗu zuwa shida, a tsohuwar hanya 13 ne kawai suka nuna sun gane, da 'yar tsana kuwa 50. Yaran nan su ne dai, maɓallan su ne, gaɓa ɗaya aka taɓa a cikin aikin. An yi ta muhawara a kan sakamakon daga baya, wasu na ganin ƙila hankalin yaran ne ya tafi kan 'yar tsanar basu ma damu da layin ba, kuma ni ina ganin wannan sukar tana da kyau don ita ma feɗe aikin ce aka sake yi.

Haka zancen sanduna. In ja ya fi fari tsawo, fari ya fi shuɗi, tsakanin ja da shuɗi wa ya fi? An daɗe ana cewa ƙananan yara basa iya wannan hujjar. Peter Bryant da Tom Trabasso a 1971 suka ce a dakata, aikin nan kashi biyu ne, akwai tuna abun da aka faɗa maka akwai kuma haɗa shi, ta yaya aka san wanne ne ya kada yaron? Sai suka kawo sanduna biyar kala-kala suka yi ta maimaita wa yara bibbiyu maƙwabtan juna har suka zauna musu daram, sannan suka tambaye su tsakanin ta biyu da ta huɗu, waɗanda basu taɓa gani tare ba, kuma kowacce a cikinsu ta taɓa zama doguwa ta taɓa zama gajera don haka ba damar yaro ya laƙaba mata suna ya wuce. Har 'yan shekara huɗu mafi yawan lokuta daidai suka amsa. Mantuwa ce take kada su aka ɗauka rashin hankali ne.

Amma wanda ya fi kama raina duk cikinsu shine aikin Robert Siegler da ya fito a 1976, lokacin yana Jami'ar Carnegie Mellon, a kan sikeli. Ina so in ɗan tsaya a nan don duk wanda ya gane wannan ya gane hanyar baki ɗaya. Katako ne a kwance a kan ginshiƙi a tsakiya, kowane ɓangare da ƙusoshi huɗu a tsaye tazararsu ɗaya, sai ƙananan ƙarafa masu huji nauyinsu ɗaya da ake zura su a ƙusoshin. Ana tokare katakon kar ya motsa, a jera ƙarafan, a tambayi yaro in an saki wane ɓangare ne zai rinjaya, ko kuwa zai tsaya daidai. Shi wannan gwajin Piaget da abokiyar aikinsa Bärbel Inhelder sun riga sun yi amfani da irinsa, abun da Siegler ya ƙara shine kafin ya ga yaro ko ɗaya sai da ya zauna ya rubuta dokoki huɗu da mai yiwuwa ne yaro ya bi. Mai dokar farko yawan ƙarafa kawai yake kallo, inda suka fi yawa nan zai faɗi, in yawansu ɗaya yace daidai. Mai ta biyu shi ma nauyin yake bi, sai in ya ga nauyi ya zo ɗaya sannan ya waiwayi nisa daga tsakiya. Mai ta uku ya san duka biyun suna aiki, amma in suka yi karo, nan nauyi ya fi can nisa ya fi, sai ya rasa yadda zai yi ya koma canka. Mai ta huɗu shine ya san a ninka yawan ƙarafa da lambar ƙusa a kowane ɓangare a kwatanta.

Sannan sai ya tsara tambayoyi iri shida ta yadda kowace doka za ta bar sawunta daban. Ga misali, hagu ƙarfe 2 a ƙusa ta ɗaya, dama ƙarfe 2 a ƙusa ta uku. Mai dokar farko zai ce daidai, kuma ba sau ɗaya ba, duk irin wannan tambayar zai faɗi kaf, ya fi mai canka ma faɗuwa, sauran ukun kuwa za su ci. Ga wani, hagu ƙarfe 3 a ƙusa ta ɗaya, dama ƙarfe 2 a ƙusa ta uku, 3 da 6 kenan dama ce za ta rinjaya, a nan masu dokar farko da ta biyu duk hagu za su nuna. Ga kuma wanda ya fi ban mamaki, hagu ƙarfe 3 a ƙusa ta biyu, dama ƙarfe 1 a ƙusa ta huɗu, 6 da 4 kenan hagu ce. Ɗan shekara biyar mai kallon nauyi kawai zai ci irin wannan kullum, amma babban yaro da ya fara fahimtar nisa yana da tasiri sai ya ruɗe ya yi canka, cikin uku ya dace da ɗaya. Kuma haka aka gani, a wannan nau'in tambayar manyan yara sun fi ƙanana faɗuwa. Don Allah a duba wannan da kyau, yaro ya ci gaba a tunani amma makinsa ya sauka. Malamin da jimillar maki kawai yake kallo zai rantse yaron baya ya yi. Siegler ya gwada daga 'yan shekara biyar har 'yan sha bakwai, mafi yawansu amsoshinsu sun hau kan ɗaya daga cikin dokokin nan tsaf, 'yan biyar galibi ta farko, ta huɗu kuwa ko a cikin manyan kaɗan ne suka kai. Kuma duk wannan ba tare da an ce yaro ya yi dogon bayani ba, nuni kawai yake, don yaro yana iya bin doka amma bakinsa ya kasa faɗarta.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauko 'yan shekara biyar da 'yan takwas waɗanda dukkansu dokar farko suke bi, wato a gwaji matakinsu ɗaya, ya riƙa sakin sikelin suna ganin abun da ya faru a tambayoyin nan da nauyi da nisa suke karo. 'Yan takwas suka ɗauki darasi suka ci gaba, 'yan biyar ko gezau. Da wani ne sai yace ai shekaru ne, ƙwaƙwalwarsu bata nuna ba, ya rufe littafi. Shi kuwa sai ya sake feɗewa. Ya nuna wa yaro jerin ƙarafa na ɗan lokaci ya rufe, ya ba shi wani sikelin yace maimaita abun da ka gani. 'Yan biyar sai su zuba adadin ƙarafan daidai amma a kowace ƙusa ta zo hannu, 'yan takwas kuwa har ƙusar suna tunawa. Ashe ƙananan ko ganin nisan basa yi, idonsu na kai amma hankalinsu bai ɗauke shi a matsayin abun lura ba, to ta yaya mutum zai koyi darasi a kan abun da bai ma lura da shi ba? Da aka koya musu ƙirga ƙusoshin suna faɗin ƙarfe kaza a ƙusa ta kaza, sannan aka maimaita musu darasin sikelin, sai ga shi su ma sun fara koya. Ni tunda na karanta wannan, in na yi bayani sau uku yaro bai gane ba, na daina ƙara murya, sai in tambayi kaina wai shin abun da nake nunawa a allo shi yaron yake kallo kuwa?

Na gwada da rula da fensir a ƙarƙashinta da murafan kwalba, ba wani kayan kirki ba. Wani yaro na jera masa biyu nan kusa da tsakiya biyu can bakin rula, ya ƙirga da yatsa yace daidai ne, yana murmushi don ya tabbata. Na ɗaga hannuna rular ta karkata, sai ya ɗauki murafan ɗaya bayan ɗaya yana jinjinawa a tafin hannu, yana neman wanda ya fi nauyi. Bai kalli rular ba ko sau ɗaya. Gani ya kori ji.

Akwai kuma masu auna lokaci. Guy Groen da John Parkman a 1972 suka lura tsawon lokacin da yaro ke ɗauka kafin ya amsa tarawa yana bin ƙaramar lambar ne, 2 a tara da 7 ya fi 4 a tara da 5 saurin fitowa duk da amsar 9 ce duka, sai suka ce lallai yara daga babbar lambar suke tashi su ƙirga ƙaramar a kai, bakwai, takwas, tara. Bayani mai kyau, kuma shekaru an yarda da shi. Sai a 1987 Siegler ya zo yana kallon yara tambaya bayan tambaya yana tambayarsu ya ka yi wannan, sai ya ga waccan hanyar kashi 36 cikin ɗari na lokutan kawai suke binta, wani lokacin haddar amsar suke jawowa, wani lokacin daga ɗaya suke farawa, wani lokacin su fasa lambar gida biyu, wani lokacin canka. Haɗa alƙaluman kowa da kowa a fitar da matsakaici shi ya ɓoye wannan. Daga nan shi da Eric Jenkins suka bi yara takwas 'yan shekara huɗu zuwa biyar har sati 11 suna ɗaukarsu a bidiyo don su kama daidai lokacin da yaro ke gano sabuwar hanya, bakwai a ciki suka gano tashi daga babbar lamba da kansu ba wanda ya koya musu. Abun da na riƙe a wannan binciken shine gab da yaro zai gano, sai ka ga ya daɗe yana nazari yana in-ina, kuma ko bayan ya gano baya sakin tsohuwar hanyar nan take, yau ya yi sabuwa gobe ya koma tsohuwa, sai da aka ba su irin 2 a tara da 21 inda tsohuwar ke wahalarwa sannan suka rungumi sabuwar sosai. Mu kuma a aji daidai lokacin in-inar nan muke cewa yi sauri ko mu wuce kan wani yaron.

Ba wai ina cewa hanyar nan bata da aibu ba. Dokar da mai bincike bai rubuta tun farko ba tarkonsa ba zai kama ta ba, masu binciken da suka zo daga baya sun samu yara da suke tara yawan ƙarafa da lambar ƙusa maimakon ninkawa, waɗanda a da za a jefa su cikin masu canka alhali tsari suke bi. Sannan wajen sauƙaƙa gwaji kana iya sauƙaƙa shi har ya tashi daga abun da kake son aunawa, kace yaro ya iya alhali wani abu daban ya iya. Shi ya sa irin su Juan Pascual-Leone da Robbie Case suka ɗauki wani ɓangaren, suna ƙirga abubuwa nawa aiki ke buƙatar yaro ya riƙe a ka lokaci guda, don abun da ɗan shekara biyar zai iya riƙewa bai kai na ɗan tara ba, kuma tambayoyi biyu suna iya zama darasi ɗaya amma ɗaya ta fi ɗaya lodi. A nan ne nake tuna yaron da ake yi wa tambaya da harshen da ba shi yake ji a gida ba, shi kafin ma ya taɓa lissafin ya riga ya kashe rabin ƙarfinsa wajen fassara, in ya faɗi kuma a rubuta bai iya lissafi ba.

Na san abun da 'yan uwana malamai za su ce, aji cike da yara ga littattafai tuli ga lokaci ba yawa, wa ke da sukunin zama yana feɗe kuskuren kowa. Gaskiya ne kuma ni ma a ciki nake. Amma wahalar ba a wajen maki take ba, a wajen tsara tambayar take, kuma sau ɗaya ake yinta. Tambaya shida da aka zaɓa da gangan ta fi ashirin da aka kwaso haka nan. In ka ba yara lissafin 40 a ɗebe 17 yaro ya rubuta 37 ba za ka san ko mai cire ƙarami daga babba bane ko kuwa mai ganin sifili a ɗebe kowace lamba lambar ce amsa, don duka biyun 37 za su samu, amma ka haɗa da 52 a ɗebe 38 nan take za su rabu. Daga nan sai ka kasa littattafan bisa amsar da aka rubuta, masu 26 gefe guda masu 24 gefe guda, sai ka ga aji guda kashi uku ne ko huɗu kawai, kowane kashi minti goma ya ishe ka. Yarinyar nan da na faɗa a farko da tsinkaye ɗauri goma-goma muka zauna, ta kwance ɗauri ɗaya da hannunta ta ga 5 ta koma 4, 2 ta koma 12, ta ɗago ta kalle ni tace au, dama kwancewa ake? Su ma iyaye in yaro ya kawo aikin gida da kuskure, kafin faɗa ace masa zo nuna min yadda ka yi, a yi shiru a saurara har ya gama.

Roƙona gare ku Malam Edita ku ware ɗan gurbi a shafin ilimi, ko sau ɗaya a wata ne, malamai su riƙa aiko da amsoshin yara na kuskure tare da tambayoyin, ba suna ba makaranta, masu karatu su gwada gano dokar da yaron ya bi. In kun amince ga ta farko daga wajena. Wani yaro ya ci 52 a ɗebe 38, ya ci 71 a ɗebe 46, ya ci 87 a ɗebe 34, amma da aka ba shi 403 a ɗebe 157 sai ya rubuta 346, aka ba shi 602 a ɗebe 238 ya rubuta 464. Wace gaɓa ce ta gurɗe masa, kuma wace tambaya ɗaya za ku ƙara masa don ku tabbatar?

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Malamin firamare mai bibiyar jaridarku